Kuben Bahago

Sa'alaba, Jidda
5 ga Zulƙida, 1387

Zuwa ga ɗana Rafi'u, jikan ƙanen mahaifina, makanikin tarakta a Gadarif ta ƙasar Sudan.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, teku bai juya maka ciki ba, jirgin ƙasa kuma bai ƙarasa abin da teku ya rage ba. Mu nan lafiya, sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in na tashi da safe ita ce ke fara gaishe ni. 'Yata Mastura tana gaishe ka, ta ce ka bar mata tulin wanki kamar mai dawowa gobe. Alhazai sun fara sauka, daga tashar jirgin ruwa har Ammariyya ba inda za ka sa ƙafa sai kan tabarmar wani.

To, ka gyara zama, akwai magana.

Ka san labarin wasanmu, amma bari in maimaita, bakina ya saba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Mista Holbruk, Ba'amurken da na yi wa kuku, ya tashi komawa ƙasarsu, ya miƙo mini gwangwanin biskit cike da katuna, da ƙwayoyin jifa biyu, ja da fara, waɗanda Larabawa ke ce wa zahar. Ya ce, "Othman, ga besbol, kada ka bari ya mutu." Har yau ban taɓa ganin ƙwallon nan da idona ba. Iyakar abin da na sani, kowane kati mutum ne, wani mai jifa, wani mai dukan ƙwallo da sanda, lambobin da ke jikinsa kuma su ne halinsa. Ka jefa zahar, ka duba kati, ya gaya maka ko mutumin ya daka ya ruga, ko an fitar da shi ya koma ya zauna. Mu takwas, kowa da rundunarsa, kowace Juma'a bayan la'asar a bayan shagon Husaini tela. Ba ma sa ko tsinke da sunan caca. Liman ma ya taɓa zuwa ya duba, ya tafi yana girgiza kai, ya ce wannan ba haram ba ne, rashin aikin yi ne.

Sannan Wasan Zaɓaɓɓu, wanda muke yi sau ɗaya a shekara kafin aikin alhazai ya raba mu. Kowa da farar riga. A zaɓi gwanayen katuna ta jefa ƙwallon dabino a kofi, a raba su biyu, Kudu da Arewa. A zagaye na bakwai kowa ya miƙe ya yi miƙa, don haka muka ga Holbruk yana yi, ba mu tambaye shi dalili ba. Bana ni na ja Kudu, kai ka ja Arewa. Ba sai na tuna maka zagaye na tara ba, da na fito da Bahago, mai jifana da hannun hagu wanda bai taɓa ba ni kunya ba, ka jefa shida da shida, Husaini ya yi ihu har ya taka almakashinsa.

Ka ci dalla, butar gahawar tagulla da muke yi wa kallon kofin sarauta. Aka bi al'ada. Kowa ya jefa zaɓaɓɓen katinsa a gwangwani, aka ɗaure da igiya, aka ɗiga jan kaki, na danna zobena. Mai dalla shi ke riƙon gwangwani har mu dawo wasa a Rabi'ul Awwal, in kakin ya fashe a hannunsa, dalla ta bar shi ta dawo hannuna. Ni kuma aikina na kowace shekara, in yi ta ƙulla masa labari har ya buɗe. Kun sa mini suna Shaiɗanin Akwati, ban yi fushi ba.

Yanzu ga maganar. Ka san kuben fatar nan da Mastura ta ɗinka wa Bahago don kada gumi ya ci shi. Tun bara na fara cusa iƙamata a bayansa, don abu biyu da ba na son rabuwa da su su zauna wuri ɗaya. Ran wasa, da haushin shida da shidan nan, sai na wurga kuben gaba ɗaya cikin gwangwani. Ban farga ba sai shekaranjiya, da na sa hannu a aljihun ƙirji na ji wayam. Kai kuwa lokacin kana tsakiyar teku da gwangwani a hammata.

Na san yadda wannan zai shiga kunnenka. Ni ma da wani ya rubuto mini, da na ce lallai tsoho ya yi dabara bana. Amma takardar zamana a ƙasar nan tana hannunka, ɗana, kuma ka san abin da ake yi wa marasa takarda da zarar alhazai sun watse. Ka fasa kakin, ka aiko mini da ita.

Ka gai da mutanen gidan da ka sauka.

Babanka,
Othman Na'ibi

*

Gadarif
27 ga Zulƙida, 1387

Baba, ranka ya daɗe.

Gaisuwa da ladabi. Na sami takardarka, na ji kowa lafiya, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya, sai baƙin mai da ya ƙi fita daga farce. Ka gai da Yaya Mastura, ka ce wankin ta bar shi, shi ne shaidar zan dawo.

Baba, na karanta takardar nan a ƙarƙashin tarakta, na yi dariya har na buga kai da ƙarfe. Kai! Wannan ta fi ta kowace shekara. Iƙama a kuben Bahago! Har da "na san yadda zai shiga kunnenka." Wannan wurin ne ya fi burge ni, ka toshe ramin tun kafin in leƙa.

Malam Adamu, mai gidan da na sauka, ya ga ina kwana da gwangwanin biskit a ƙarƙashin matashi, ya ce, "Yaro, in layu ne ka faɗa mini, ina da iyali a gidan nan." Sai na zauna na ba shi tarihinka. Na gaya masa shekarar da ka ce wa Ɗan'azumi ka manta da dabino mai zuma a ciki, tururuwa na cin katuna, ya sa wuƙa ya fasa, ya tarar da katuna lafiya lau, dalla ta koma hannunka. Na gaya masa ta Mahmud direba, da ka buga masa waya har Madina cewa Holbruk ya dawo yana neman kayansa, ya tsaya kan bakansa bai buɗe ba. Da ta bara, da ka kwanta ciwon ƙarya kwana uku, ka ce maganinka na ciki, har Yaya Mastura ta taya ka da hawaye. Malam Adamu ya ce, "Wannan tsoho in ya mutu a duba shi sau biyu kafin a binne."

Na girgiza gwangwanin a kunnena kamar yadda doka ta yarda. Ba na jin komai sai katuna. Kuben kuwa na gan shi da idona ran da ka wurga shi, siriri ne kamar kullum.

Shekara shida ina wasan nan, bana kaɗai na taɓa dalla. Ka yi haƙuri, Baba, kakin nan sai a gaban mutum takwas zai fashe. Ka ce wa Bahago ya huta, yana hannu mai kyau.

Ɗanka mai biyayya, in ban da wannan,
Rafi'u

*

Sa'alaba
21 ga Zulhajji, 1387

Rafi'u,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Takardarka ta zo jiya, ta yi kwana ashirin da uku a hanya saboda cunkoson alhazai. Mastura ta karanta mini ita sau biyu, don karo na farko ban ji ƙarshenta ba.

Da na so in yi fushi, sai na rasa da wa. Ni na koya muku kada ku yarda da ni.

An fara kamen. Manyan motoci ne masu buɗaɗɗen baya, suna tsayawa a bakin lungu, ɗaya nan ɗaya can, sai a bi gida gida. Magana ɗaya ce, "Fen iƙama?" In ka miƙa, yalla, wuce. In ka fara bayani, halas, hau. Ran Talata sun shiga unguwar Kurayyat. Mai burodin da ke kusa da gidan Ɗan'azumi, da ƙullu a hannunsa aka ɗora shi. Ana tara su a wani fili kusa da tashar jirgin ruwa, in sun cika jirgi a mayar da kowa ƙasar da ya fito, da hatimin kada ya sake dawowa.

Za ka ce in je wurin kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya nema mini wata. Na je. Tsohon yana Misira ana yi masa aikin ido, ba a san ranar dawowarsa ba. Ɗansa ya dube ni daga sama har ƙasa, ni da na goya shi yana majina, ya ce shi bai san abin da ke tsakanina da ubansa ba. Ofishin kuma, a kwanakin nan, wanda ya shiga hannu biyu ba takarda ba ya fitowa ta ƙofar da ya shiga. Husaini ya buga maka waya ran Laraba. Bayan ya dawo ne muka tuna da wayar Mahmud, muka san ba za ka yarda da ita ba.

Kwana tara ban taka waje ba. Juma'a ta wuce ni ina jin huɗuba daga bayan tankin ruwa a saman soro, ni da tantabaru. In mota ta tsaya a lungu, sai in nemi maɓoya. Jiya mai sayar da kananzir ya buga ƙofa, na tsinci kaina a tsugune bayan buhun shinkafa, da gemuna da shekaruna saba'in da ɗaya. Mastura ta juya baya don kada in ga ta gan ni.

Ina ɗan ashirin da biyar na bar Kazaure da ƙafa. Wa na sani a can yanzu? Waɗanda za su gane ni duk suna ƙasa. An ce ma yaƙi ake yi a ƙasar. Amma ba wannan ne ke hana ni cin abinci ba. Rahamatu tana nan, Rafi'u. Shekara tara ina zuwa kabarinta kowace Alhamis, in tsaya daga gefen katanga in gaya mata abin da ya faru a mako. Alhamis biyu ke nan ban je ba. Na riga na nuna wa mai haƙa wurin da nake so, taku huɗu daga nata. In suka ɗora ni a jirgin nan, teku zai shiga tsakaninmu har tashin ƙiyama.

Ba wasa nake yi ba. Ka buɗe.

Othman

*

Gadarif
10 ga Muharram, 1388

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Waya ta zo, takarda ma ta zo. Ba zan ɓoye maka ba, wannan karon ban yi dariya ba. Na tambayi wasu alhazai da suka dawo ta nan, sun ce lallai ana kame a Jidda. Amma ai kowace shekara ana yi, kuma kai ka fi kowa iya ɗinka ƙarya da zaren gaskiya.

Na ɗauki wuƙa sau biyu na ajiye. Abin da ya tsayar da ni, dokar da kai da bakinka ka kafa tun ran farko. Ka ce Shaiɗanin Akwati zai iya faɗin komai, zai iya kuka, zai iya suma, amma ba zai taɓa rantsewa da Allah ba, don haka ran da kuka ji na rantse, ku san an bar wasa. Na bi takardunka biyu layi layi da ɗan yatsa. Na ba Malam Adamu ya bi. Akwai "ba wasa nake yi ba," akwai "ka buɗe," amma babu wallahi ko ɗaya. Mutumin da ke ɓuya bayan buhun shinkafa zai manta da kalma ɗaya da za ta cece shi?

In gaskiya ne, Baba, ka rubuto kalmar nan kaɗai, ko gaisuwa kada ka sa. A ranar zan fasa. In kuwa wasa ne, to ka ji tsoron Allah, ka sassauta, don na kwana biyu ina ɗaura noti a inda ba wurinsa ba.

Ɗanka,
Rafi'u

*

Sa'alaba
1 ga Safar, 1388

Rafi'u, ni ce Mastura.

Salamu alaikum. Ba ni da tsawon magana irin ta Baba, kuma Hausata a takarda ka san yadda take.

Sun tafi da shi ran Alhamis. Ya ce shi dai sai ya je wurin Umma, ko da daga nesa. Na riƙe rigarsa, na ce ya Abuya, isbir, ka bari kwana kaɗan. Ya ce mako bakwai ya isa, za ta ce ya manta da ita. A bakin maƙabarta motar ta same shi. Mai haƙa kabari ne ya zo ya gaya mini. Ya ce Baba bai yi gardama ba, ya dai roƙi a bar shi ya ƙarasa addu'a, suka bar shi.

Takardarka ta zo bayan kwana uku. Na kai masa filin, ta tsakanin wayar shinge na karanta masa. Da na zo wurin wallahi, sai ya dafe kai. Sannan ya ce, "Yaron nan yana da gaskiya. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa hannuna kewaye kalmar nan, har ya iya ba tare da ni ba." Ya yi dariya, irin wadda ba na so.

Ga shi a ƙasan nan da hannunsa, a bayan takardar shayi, na liƙa maka. Wallahi, tallahi, tana ciki. Ni ma na rantse, wallahil azim.

Amma mene ne amfaninsa? Sun ce jirginsu ran takwas ga wata. Takarda tana kwana ashirin kafin ta same ka. Husaini ya sake buga waya, an ce layin Gadarif ya lalace. Rana tana dukansu a filin nan, gwiwarsa ta kumbura kamar tulu, ba ya iya tsayuwa a layin ruwa sai wani ya karɓo masa.

Ban ce laifinka ba ne. Bara ni na taya shi kuka. Amma in ka dawo, kada ka shigo mini gida da gwangwanin nan, ya Rafi'u. Ba na son ganinsa.

Mastura

*

Bur Sudan
3 ga Safar, 1388

Baba,

Ina rubutu a tsaye a bakin tasha, ka yafe mini rashin gaisuwa. Ban sami amsarka ba, ban kuma jira ta ba. Ban san halin da kake ciki ba.

Na fasa.

Kwana goma ina yawo da takardarka a aljihu ina neman rantsuwar da babu. Sai ran nan Malam Adamu ya ce, "Wai wace ce Rahamatun nan?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na gane. Ka sa tururuwa a wasan nan, ka sa Holbruk, ka sa ciwo, ka sa 'yarka. Amma tun da Inna Rahamatu ta rasu ban taɓa jin ka ambaci sunanta a inda ake dariya ba. Ina ta neman kalmar da ba ka rubuta ba, na tsallake wadda ka rubuta.

Nan take na yanke igiyar. Iƙamar tana nan bayan Bahago, an ninke ta biyu, hotonka yana kallona.

Ban yarda da gidan waya ba. Na hau jirgin ƙasa, ya lalace a Kassala, muka yi kwana biyar a can ina ji kamar in sauka in tura shi. Na sami Abdulghani, kukun jirgin da ke kai tumaki Jidda, surukin Husaini. Za su tashi gobe. Na sa ya dafa Alƙur'ani cewa hannu da hannu zai ba Yaya Mastura. Gwangwanin ma ga shi nan, da dallar, don na san doka.

In na makara, Baba, ban san da wace fuska zan sake taka Sa'alaba ba.

Rafi'u

*

Sa'alaba, Jidda
19 ga Safar, 1388

Zuwa ga ɗana Rafi'u.

Bayan sallama da gaisuwa, ka duba saman takardar nan ka ga inda aka rubuta ta, sannan ka sha ruwa. Ina gida. Gwiwa tana saɓewa a hankali. Mastura lafiya, ta daina kuka ta koma faɗa, alamar sauƙi ke nan. Takardarta mai rantsuwa tana hanya ko ta riga ta same ka. Ka ajiye ta, ba kullum nake rubuta irinta ba.

Bari in ba ka yadda aka yi, a jere.

Jirgin Abdulghani ya iso ran biyar, amma aka hana su sauka sai likitan dabbobi ya duba tumaki. Kwana uku iƙamata tana kan ruwa, ina hango hayaƙin jirgin daga filin da nake, ban san tana ciki ba. Ran bakwai da hantsi aka fara kiran suna ana ba mu lamba. Tawa ɗari biyu da sittin da shida. Na ce, ka ga, shida da shida ba ta gama da ni ba.

Ran takwas bayan azahar aka jera mu. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ajiye wannan sana'ar. Ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, wani Bafulatani da ban san sunansa ba shi ya rataya ni a kafaɗarsa. Bakina yana salati, amma idona yana kan tsanin jirgi, ina lissafin mutum nawa suka rage a gabana. Saura kamar talatin na ji muryar Mastura daga bakin ƙofa tana zuba Larabci irin wanda ban san na haifi mai iya shi ba. A bayanta Husaini, da tef ɗin awo a wuya, da wani ƙato mai warin tumaki yana rungume da gwangwanin biskit.

Hafsan da ke lura da layin ya karɓi kuben, ya zaro iƙama, ya dubi hoto, ya dube ni. Ya ce hoton ya fi ni ƙiba. Na ce kwana goma sha biyu na yi baƙonku. Sai ya zaro Bahago, ya juya shi gaba da baya, ya ga rubutun Turawa da layin lambobi, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan fa, wane ne?" Rafi'u, a nan na fi jin tsoro, don na ga Husaini ya buɗe baki zai yi bayani, kuma ka san in Husaini ya fara bayanin besbol sai jirgi ya tashi da mu duka. Na yi maza na ce, "Wasan tsofaffi ne, ranka ya daɗe. Mai jifa ne. Shi ya jawo mini duk wannan." Ya ce, "Yana da kyau?" Na ce, "Da dai." Ya wurgo mini shi, ya ce, "Yalla, ya hajj, tafi gida. Ka raba su ɗaki."

Bafulatanin nan ya hau jirgi. Na juya in yi masa godiya, ya riga ya kai tsakiyar tsani. Shi nake gani in na rufe ido.

Ran Alhamis na je wurin Rahamatu. Labarin ya yi tsawo, sai da na zauna.

Jiya Juma'a muka taru, mu bakwai, a bayan shago, don Mastura ta ce gwangwani ba zai kwana a gidanta ba. Aka kawo maganar dalla. Mahmud ya ce a bar maka, ai rai ka ceta. Ɗan'azumi ya miƙe ya ce shi da aka ƙwace tasa saboda tururuwa fa? Kaki ya fashe ko bai fashe ba? Aka yi ta yi har shayi ya huce, sannan aka jefa ƙwallon dabino. Huɗu da uku. Ka rasa dalla, ɗana. Ni ma da Ɗan'azumi na jefa, don in na karya doka saboda kaina, gobe ba mai jin maganata. Tana kan shiryayye a gabana yanzu. Sau biyu ke nan na ci ta, kuma wannan karon ko gahawa ba na son sha a cikinta.

Na kuma gaya musu su nemi wani Shaiɗanin, ko su bar kujerar haka nan. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Ka taɓa cikin ambulan ɗin nan a hankali, kada ka yage shi. Bahago ne. Hafsa ya ce a raba su ɗaki, kuma ni yanzu ina jin maganar hukuma. Naka ne, ka zo da shi a Rabi'ul Awwal ka jefa mini shi in ji yadda mutane ke ji. Kada ka fito da shi a zagaye na tara, ya tsufa, hannunsa na gajiya. Kuben yana nan a ƙirjina da abu ɗaya a ciki. Tun da na fara takardar nan na taɓa shi sau biyar.

Ka gai da Malam Adamu, ka ce tambayarsa ta yi aiki. Mastura ta wanke kayanka, ta ce kada in faɗa maka.

Wallahi, Rafi'u, na gode.

Babanka,
Othman Na'ibi